Kifin Kogin Kano da Kiyaye Mazauninsa

Kifin Kogin Kano shi ne kifin da ke hayayyafa ya girma da kansa, ba tare da hannun mai kiwo ba, a kogin da ya taso daga duwatsun kudancin Jihar Kano, ya ratsa dajin Falgore, ya zuba cikin madatsar ruwa ta Tiga, sannan ya gangaro ta yankin Bunkure da Kura har ya haɗu da Kogin Challawa a kusa da Tamburawa. Daga mahaɗar nan ruwan kan wuce Wudil da Ringim da Haɗeja, ya baje a dausayin Haɗeja da Nguru, ragowarsa ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Kifin wannan ruwa dangin kifin Tafkin Chadi ne, kuma yawancin ire-irensa ana samunsu a Kogin Kwara da Kogin Nilu. A kasuwa ana ce masa kifin kogi don a bambanta shi da kifin kiwo. Kiyaye shi ya ƙunshi hana kamun da ya wuce kima, da kuma kula da ruwan da yake rayuwa a ciki, wato yawansa da tsabtarsa da lokacin zuwansa. Kula da ruwan ne ya fi nauyi a wannan kogi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Ire-iren kifin

Karfasa da tarwaɗa su ne suka fi yawa a abin da masunta ke fitarwa, a tafkin Tiga da cikin kogin da ma manyan magudanan noman rani. Bayansu akwai ƙurungu, mai ƙaya uku masu kaifi da kan sarƙe a raga, wanda kan yi gurnani idan an fito da shi. Akwai ragon ruwa da ramboshi, da kawara mai tafiya ayari-ayari, da tsage mai haƙora a waje wanda ke farautar ƙananan kifaye, da minjirya mai fitar da lantarki a jikinta. Giwan ruwa, wanda a manyan ruwayen Afirka kan kai tsawon mita 2, yana son ruwa mai zurfi. Bargi da yauni kuwa kifayen fadama ne, sun fi yawa can gangare inda ruwa ke kwanciya cikin ciyawa.

Gaiwa ta fi kowanne nuna irin ƙasar da waɗannan kifaye suka saba da ita. Tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan kududdufi ya fara ƙafewa sai ta kutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar kafa guda da iska ke shiga zuwa bakinta. Haka take kwanciya watanni har ruwa ya dawo ya jiƙa ƙasar. Tarwaɗa ma tana iya shaƙar iska, shi ya sa take jan ciki a kan danshi da dare daga wannan ruwa zuwa wancan. Kifayen nan sun san rani, sun kuma yi masa tanadi. Abin da ba su da dabarar jurewa shi ne shekarar da ambaliya ba ta zo ba.

Ambaliya da hayayyafa

Kafin a gina madatsu, Kogin Kano kogin damina ne. Daga watan Yuni yake fara kawo ruwa, ya cika ya batse a marka, cikin Agusta da farkon Satumba, ya malala cikin fadamun da ke gefensa. Da kaka sai ya fara janyewa, zuwa bazara kuma sai rairayi da 'yan wurare masu zurfi inda ruwa ya maƙale. Rayuwar kifin duka ta ɗoru ne a kan wannan hawa da sauka.

Tun kafin damina ta sauka cikin tarwaɗa ya cika da ƙwai, amma ba ta zubawa sai ta ji sabon ruwa. Da kogi ya fara cikowa sai ta tari ruwan, ta shiga ƙoramu da ciyawar da ruwa ya shanye, inda zurfin bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwanta da dare bayan an yi ruwan sama. Ƙwan kan manne a jikin ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, uwar kuma ta juya ba ta sake waiwayarsa. Fadamar ce ke renon 'ya'yan. Ruɓaɓɓen ganye da kashin shanun da suka yi kiwon rani a wurin su ke haifar da ƙananan halittun ruwa da 'ya'yan kifin ke ci, ciyawa kuma tana ɓoye su daga tsage da tsuntsaye. Kafin ruwa ya janye sun yi ƙwari, sai su biyo shi su koma kogi.

Karfasa tana da tata hanyar. Namijin kan share wani zagayayyen rami a rairayin bakin gaɓa, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan a wasu ire-iren ta kwashe shi cikin bakinta ta riƙe har ya ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci a kwanakin nan. Bargi kan tsinke ciyawa ya gina sheƙa mai faɗin kusan mita guda a ruwa marar zurfi, yauni kuma sheƙarsa a kan ruwa take yawo cikin ciyawa. Duk waɗannan suna bukatar gaɓa mai gangare a hankali, da ciyawa, da ruwan da zai tsaya makonni ba ya sauka farat ɗaya. Masana kifin kogunan Afirka, musamman Robin Welcomme na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kifin da ake kamawa a irin waɗannan koguna yana bin faɗin ƙasar da ambaliya ta rufe a shekarun da suka gabata. Tsofaffin masunta ma haka suke faɗa: shekarar babban ruwa ita ke kawo kifin baɗi.

Madatsu da noman rani

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da fari ke addabar ƙasashen Sahel. Tsawon bangonta kusan kilomita 6 ne, tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga babbar magudana ke ɗaukar ruwa zuwa Ruwan Kanya, daga nan ya rarrabu zuwa gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Kashin farko na wannan aikin noman rani an tsara shi a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye. Madatsun biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

Ba a musun alherin aikin. Shinkafar da ake casa a Kura, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, da alkama da albasa da masarar rani, da ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa, duk daga wannan ruwa suke. Tafkin Tiga kansa ya zama wurin su na dindindin, ya kuma jawo masunta daga nesa. Karfasa, wadda ruwa mai kwanciya ya karɓe ta, ta yi yawa a cikinsa.

Amma kifin da ke ƙasa da madatsar ya ga sauyi iri uku. Bango mai tsayin kusan mita 48 ya raba shi da ƙoramun da ke sama, inda kakanninsa ke hawa su zuba ƙwai. Ambaliyar marka ta ragu, domin ruwan da zai malala fadamu a Agusta shi ne ake tarewa a ajiye. Ruwan da aka tare kuma ana sakinsa da rani, saboda haka kogin da ya saba bushewa ya koma mai gudu duk shekara. Na ukun nan yana iya yaudarar mai kallo, ya ga ruwa a bazara ya ɗauka kifi ya samu. Ruwan da ke bin tsakiyar kwari ba ya hawa ciyawa ba ya ba tarwaɗa wurin zuba ƙwai.

A cikin gonakin aikin kuwa, magudanai da tafkunan ajiye ruwan dare sun zama sabon mazauni, kuma yara da manya na samun na miya a cikinsu da fatsa da birgi. Sai dai mazauni ne marar tabbas. Magudanar da aka daɓe da siminti ba ta da ciyawar ɓuya. Ƙananan kifayen da ruwa ya kwaso kan bi ta ƙofofin rabon ruwa su faɗa fagen shinkafa, su mutu idan an tsane shi. Duk lokacin da aka rufe ruwa don gyara, irin wanda aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014, kifin da ke ciki sai dai a tsince shi a laka. Fadamun gefen kogi kuma, da ambaliya ta daina zuwa kullum, an nome su har bakin gaɓa da injin ban ruwa.

Abin da ya faru a gangare

Mafi girman asara ta faɗa wa mutanen da ba su taɓa ganin Tiga ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda a shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliya kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 nasa, ya koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Fari yana da nasa kaso a ciki, madatsu ma suna da nasu. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin, da hannun ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya da wasu ƙungiyoyin kare tsuntsaye. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da dausayin ke samarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka kwatanta da abin da aikin Kogin Kano ke samarwa. Sun gano cewa idan da yawan ruwan da aka kashe za a auna, dausayin ya ninka aikin noman ranin riba sau da yawa. Lissafin bai ce a rufe gonakin Kura da Bunkure ba. Abin da ya nuna shi ne ruwan da ya wuce gangare yana da masu cin moriyarsa, kuma ba a sa su cikin lissafi ba sa'ad da ake tsara madatsun. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, na farko a Najeriya.

Ruwan rani ya kuma haifi kachala. Ciyawar nan tana son ruwa marar zurfi da ba ya bushewa. A da bazara ke kashe ta, ambaliya mai ƙarfi kuma ta share laka daga hanyoyin ruwa. Da aka rasa duka biyun sai ta mamaye dubban hektoci a Jigawa da Yobe, ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa ya cinye wasu gonaki ya bar wasu a bushe. Jirgin masunci ba ya ratsa ta, ba a jefa birgi a cikinta, kuma a cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana su tashi su far wa shinkafa da gero. Ana ganinta har a magudanan tsane ruwa na Kura da Bunkure.

Tsabtar ruwa

Ruwan da ya fita daga gona yana komawa kogi ɗauke da abin da aka zuba masa. Takin zamani kan ciyar da gansakuka da kainuwa su yi yawa, idan sun ruɓe su shanye iskar da ke cikin ruwa, kuma kifayen da ba sa shaƙar iskar sama, irin su giwan ruwa da kawara, su ke fara galabaita. Maganin ƙwari da na ciyawa sun fi haɗari ga 'ya'yan kifi da ƙwarin da suke ci. Wanke injin feshi a bakin magudana, ko jefa kwalbar magani a ciki, ƙaramin abu ne a idon mai yi, amma magudanar nan ita wasu ke wanka da wanki da shayar da dabbobi a cikinta. Ta ɓangaren Challawa kuwa, ruwan majemu da masaƙu na rukunin masana'antun Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana shiga kogi, ɗauke da sinadarai irin su kuromiyom da kan taru a jikin kifi. Ɗibar yashi da manyan motoci ma tana zaftare gaɓa, tana dama ruwa, tana rushe rairayin da karfasa ke share raminta.

Kayan su, doka da al'ada

Masuntan yankin suna aiki da birgi da kalli da taru da homa, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, da gura iri-iri, a cikin jirgi ko a kan gora. Idon raga da yatsa suke auna shi. Raga mai yatsa uku ko huɗu kan bar ƙarami ya wuce, mai yatsa ɗaya ba ta barin komai, kuma inda kifi ya yi ƙaranci har gidan sauro ake ja a bakin gaɓa. A gangare akwai dumba, wato jera gura a tare magudana daga gaɓa zuwa gaɓa a lokacin da kifi ke wucewa. Guba kuwa tsohuwar matsala ce: a da ana daka magimfa a zuba a ruwa, daga baya aka koma gamalin, wanda ke kashe babba da ƙarami ya kuma cutar da mai ci. Kama tarwaɗa mai ƙwai a farkon damina, lokacin da take cikin ciyawa har da hannu ana iya kama ta, daidai yake da manomi ya daka irin shukarsa ya yi tuwo.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana su da guba da nakiya da lantarki. Ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun kamu. Ta ba hukumomin jiha ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci, ta kuma ce wanda aka ba izinin gina madatsa ya yi wa kifi matakalar wucewa. Tiga ta girmi dokar da shekara 18. Rubutun dokar bai gaza ba, sai dai jami'in kifi ɗaya ba zai tsare gaɓar kilomita ɗari ba, kuma masuncin da ya ci bashi ya sayi raga ba zai ajiye ta don takarda ba.

A nan ne sarautar ruwa take da amfani. Sarkin Ruwa ya san wanda ya shiga ruwa da abin da ya shiga da shi, kuma a al'ada shi ke rufe tafki ya kuma sa ranar buɗe shi. Shahararren misali shi ne Matan Fada a Argungu, inda ake hana su a wannan yanki na kogi har ranar biki, bikin da ya samo tsarinsa na yanzu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Manyan kifayen da ake fitarwa ran nan amfanin hanin ne. Rufe su na makonnin farkon damina, da keɓe wasu wurare masu zurfi da ba a taɓawa da rani, abubuwa ne da masunta za su fi kiyayewa idan daga bakin shugabanninsu suka fito, hukuma kuma ta tsaya musu.

Zuba 'ya'yan kifi

Idan kifi ya ragu, abin da ke fara zuwa zuciyar hukuma shi ne a sayo 'ya'yan kifi a zuba. Tarihin kifin tirawut yana da abin faɗa a kan wannan. Kifi ne na ruwan sanyi mai gudu a kan tsakuwa, ba ya rayuwa a ruwan Kano mai ɗumi. A Afirka asalinsa yana duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, sai wanda Turawa suka kai tsaunukan Kenya da Afirka ta Kudu. Fiye da shekara ɗari Turai da Amurka suna ƙyanƙyasar shi suna zubawa a koguna, kafin bincike ya nuna cewa na kiwo ba ya daɗewa a kogi, yana gogayya da na asali, kuma idan suka yi barbara zuriyar kan yi rauni. Jihar Montana ta Amurka ta daina zuba shi a kogunanta a 1974 bayan gwajin da aka yi a Kogin Madison, inda wanda ke hayayyafa a kogin da kansa ya ƙaru sosai da aka daina zubawar. A Ingila, daga 2015, ba a yarda a zuba wanda zai iya haihuwa ba sai in daga iyayen kogin aka samo shi. Ƙarfin masu kiyaye shi ya koma kan gyaran kogi: shinge gaɓa daga dabbobi, dasa itatuwa, tsabtace tsakuwar da yake zuba ƙwai, da cire tsofaffin shingayen da ke tare masa hanya.

Kiwon kifi a Kano, da cibiyar kifi ta Bagauda da ɗaruruwan masu tafkin siminti da tamfol, abu ne mai kyau, domin yana rage wa kogi nauyi. Zuba 'ya'ya a rufaffen tafki ma ba laifi. Amma tarwaɗar kiwo sau da yawa zuriya ce da aka daɗe ana tacewa don saurin girma a tafki, wata kuma haɗin tarwaɗa da ramboshi ce. Sakin irin wannan a buɗaɗɗen kogi na iya gurɓata irin da ya saba da rani da ambaliyar ƙasar nan. Wannan aiki ne da ya kamata a nemi shawarar cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa kafin a yi shi.

Mayar da ambaliya

Ba wanda zai rushe Tiga, kuma ba a bukatar haka. Abin da masu binciken dausayin suka daɗe suna ba da shawara shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun biyu a marka, yadda zai haɗu da ambaliyar Kogin Jama'are da ke zuba a dausayin, a kuma rage sakin rani zuwa abin da birni da gonaki ke bukata. An gwada irin wannan a cikin kwarin Chadi. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta tare ambaliyar Kogin Logone, kifi da makiyaya suka ragu. A 1994 aka buɗe wata ƙorama da aka toshe, ruwa ya sake rufe kimanin murabba'in kilomita 200, ciyawa da kifi suka dawo, makiyaya da masunta suka biyo su.

A Kogin Kano aikin ya fi wuya, domin shekaru hamsin sun sa mutane sun yi gonaki da gidaje a inda ruwa ke bi a da. Sakin ruwa ba sanarwa bala'i ne ga manomin bakin gaɓa, kuma mutanen Kano da Jigawa sun sha ganin ɓarnar ambaliyar da ta zo ba shiri. Sai an sa rana, an sanar, an share hanyoyin da kachala ta toshe, an kuma yarda da wasu fadamu da za a bar wa ruwa. A 2006 gwamnonin jihohi shida na kwarin, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da ruwan tare da kafa asusu na musamman. A irin wannan zama ne ya kamata masunta su sami kujera kamar yadda ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noma suka samu.

Babban kaso na ambaliyar da har yanzu ke kaiwa dausayin daga Kogin Jama'are yake zuwa, domin ba a datse shi da babbar madatsa ba. Madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kansa a Jihar Bauchi an fara ta an dakatar fiye da sau ɗaya. Bauchi na son ta don noman rani, Yobe da Borno kuma suna adawa da ita saboda manoma da makiyaya da masuntan da ke gangare.